Eyam: Ƙauyen Ingila da ya kulle kansa da annoba a ciki

A gefen wani ƙaramin ƙauye da ke tsakiyar Ingila, a bakin wata siririyar hanya da ta ratsa makiyaya, akwai wani dutse wanda ba shi da wani girma. An huda ƙananan ramuka shida a samansa. A shekarar 1666, mutanen ƙauyen kan zo su zuba ruwan khal a cikin ramukan, su jefa tsabar kuɗi, su ja da baya. Sai mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da su su zo su ajiye abinci, su tsame kuɗin, su juya gida. Babu musabaha, babu shiga gidan juna. Dutsen nan shi ne iyaka, kuma an yi alƙawari babu mai tsallake shi.

Sunan ƙauyen Eyam, amma masu garin "Iim" suke furtawa. Yana cikin lardin Derbyshire, kimanin kilomita 20 daga birnin Sheffield, kuma a ƙidayar 2011 mazaunansa ba su kai mutum 1,000 ba. Duk da ƙanƙantarsa, yaran makaranta a Ingila suna karanta labarinsa, har akan kwashe su a motocin bas a kai su ziyara. Dalili kuwa shi ne, wata annoba ta shiga ƙauyen a watan Satumban 1665, ta yi wata 14 tana ɗauki ɗai-ɗai, ta kashe kimanin mutum 260. Ana tsakiyar wannan bala'i mutanen ƙauyen suka amince su zauna a inda suke, kada wani ya gudu ya kai wa wasu garuruwa cutar.

Annoba ta sha shafe ƙauyuka a tarihin duniya, da yawa daga cikinsu ko sunan mutum ɗaya da ya mutu ba a sani ba. Mamatan Eyam kuwa an san su ɗaya bayan ɗaya, da sunan gidansu da ranar da aka binne kowanensu. Abin da ya sa haka shi ne wani littafi da dokar ƙasar ta tilasta wa kowace gundumar coci ta ajiye. Don haka, 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu shiga labarin annobar, sai mu fara da sanin abin da ake nufi da gundumar coci.

Mece ce gundumar coci?

Tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce aka yanka ƙasar Ingila gida-gida zuwa ƙananan yankuna da suke kira farish. Kowane yanki yana da cocinsa, da limaminsa, da maƙabartarsa, da iyakokinsa. Wani yankin ƙauye ɗaya ne, wani kuma ƙauye ne da ƙananan unguwannin da ke kewaye da shi. Gundumar Eyam, alal misali, ta haɗa da wani ƙaramin ƙauye mai suna Foolow da wasu gonaki da ke warwatse a kan tuddai.

A wancan zamani aikin gundumar bai tsaya ga ibada ba. Manoma kan ba da kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsu don ɗaukar nauyin limami. Wata doka ta 1601 ta ɗora wa kowace gunduma alhakin kula da matalautanta: a karɓi haraji daga masu hali, a tallafa wa tsofaffi da marasa lafiya, a kai marayu koyon sana'a. Gyaran hanyoyi ma aikin gunduma ne, kuma daga cikin magidanta ake zaɓar wanda zai riƙa kama ɓarayi da raba faɗa. Wato ga talakan ƙauye, gundumar coci ita ce hukumar da ta fi kusa da shi.

Saboda haka iyaka ba abin wasa ba ce. Ta inda iyaka ta bi ake sanin wa zai biya haraji a ina, da kuma wace gunduma za ta ciyar da mutum in ya talauce. Da yake taswira ba ta yawaita ba, gundumomi da yawa suna da al'adar zaga iyaka sau ɗaya a shekara. Limami da dattawa su shige gaba, yara maza na biye riƙe da tsumagu, duk dutse ko bishiyar da ke nuna iyaka sai yaran su zazzane ta. Manufar ita ce yaro ya girma da sanin iyakar garinsu a ka, ko bayan dattawan sun kau.

Batun littafin kuwa, a 1538 ne Thomas Cromwell, babban wazirin Sarki Henry na 8, ya ba da umarnin kowace gunduma ta ajiye rajista. Duk jaririn da aka yi wa baftisma, duk auren da aka ɗaura, duk mamacin da aka binne, sai an rubuta. Umarnin ya ce a adana littafin a akwati mai makulli biyu, ɗaya a hannun limami, ɗaya a hannun wakilan jama'a masu kula da coci. A 1598 aka ƙara da cewa a riƙa rubutun a kan takardar fata don ta fi ƙarko, a kuma riƙa aika kwafi ga bishop. Gwamnati ba ta fara tata rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai 1837. Kusan shekara 300 ke nan waɗannan littattafai su ne wurin da sunan ɗan ƙauye ke shiga takarda.

Eyam kafin annoba

Ƙauyen tsohon gari ne. Sunansa ya fito a babban kundin ƙidayar filaye da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086, wanda ake kira Domesday Book, inda aka rubuta shi "Aiune". A harabar cocin ƙauyen, mai suna St Lawrence, akwai wani gicciye na dutse mai zane-zane da ya girmi wannan kundi, domin masana na cewa an sassaƙa shi tun wajen ƙarni na 8 ko na 9. Shi kansa ginin cocin ya samo asali daga wajen ƙarni na 14, an kuma yi ta gyara shi daga baya.

Ƙasar wurin tuddai ce da duwatsu, ga sanyi. Mutane na kiwon tumaki, suna ɗan noma, amma babbar sana'arsu haƙar dalma ce, aikin da ake yi a wannan yanki tun zamanin Rumawa. Gidajen na dutse ne, a jere a bakin titi ɗaya mai tsawo. Kowa ya san kowa, kuma auratayya ta haɗa gidaje da yawa. Wannan kusanci shi ne ƙarfin ƙauyen, shi ne kuma abin da cuta ta hau ta yi ta tafiya gida-gida.

Ƙunshin yadi daga Landan

A 1665 birnin Landan na fama da mummunar annoba. An ƙiyasta ta kashe kusan mutum 100,000 a birnin. Cutar kan fara da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, sai kaluluwa ta fito a hammata ko matsematsi ko wuya, ta kumbura ta yi baƙi. Cikin 'yan kwanaki mafi yawan waɗanda suka kamu sukan mutu. Mutanen lokacin ba su san sababinta ba. Wasu sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce, wasu sun ce azaba ce aka saukar saboda zunubi. Sai a 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, bayan shekara huɗu kuma wani likitan Faransa, Paul-Louis Simond, ya nuna cewa ƙumar da ke jikin ɓeraye na ɗauke ta zuwa jikin mutum.

Tsakanin Landan da Eyam akwai kimanin kilomita 250, tafiyar kwanaki a wancan zamani. Labarin da ƙauyen ya riƙe shi ne, a ƙarshen bazarar 1665 an aiko wa telan garin, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan. Yaron shagonsa, George Viccars, ya kwance ƙunshin ya tarar yadin da danshi, sai ya shanya shi a gaban murhu. Ana zaton ƙumar da ke cikin yadin ce ta ji ɗumi ta farfaɗo. Abin da rajista ta tabbatar dai shi ne an binne Viccars ranar 7 ga Satumba, 1665.

Bayan mako biyu wani yaro a gidan ya bi shi, sai maƙwabta. Mutum 6 suka mutu a watan Satumba, fiye da 20 a Oktoba. Matar telan, Mary, ta rasa 'ya'yanta maza biyu, daga baya ta rasa mijin, ita kuwa ta rayu. Iyalin Thorpe da ke kusa da su, su 9 ne, babu wanda ya yi saura. Da sanyi ya kankama mutuwar ta lafa, har zuwa watan Mayun 1666 mutane suka fara zaton an rabu da bala'in. Wasu masu hali tuni suka kwashe iyalansu suka bar garin. Da zafi ya dawo a watan Yuni sai cutar ta sake tashi da ƙarfin da ya fi na farko, sauran jama'a kuma suka fara shirin gudu.

Limamai biyu da ba sa ga maciji

A wannan lokaci akwai limaman coci biyu a ƙauyen, kuma siyasar ƙasa ta raba su. Ingila ta fito daga yaƙin basasa, inda aka sare kan Sarki Charles na 1 a 1649, aka yi shekara 11 babu sarki, sannan aka dawo da ɗansa Charles na 2 a 1660. Thomas Stanley yana cikin 'yan Furitan, wata ɗarika mai tsauri da ta yi ƙarfi a shekarun da babu sarki, kuma shi ne limamin Eyam tun 1644. Da sarauta ta dawo aka sauke shi. A 1662 aka yi dokar da ta tilasta wa kowane limami amfani da littafin addu'o'in Cocin Ingila, limamai kusan 2,000 suka ƙi, suka rasa aikinsu. Stanley na cikin waɗanda suka ƙi, amma mutanen ƙauyen da yawa zuciyarsu na tare da shi.

Wanda ke riƙe da muƙamin lokacin annobar shi ne William Mompesson, wanda aka turo a 1664. Baƙo ne, kuma bai kai shekara 30 ba. Maganarsa ita kaɗai da wuya ta hana magidanci ɗaukar 'ya'yansa ya gudu. Stanley kuwa yana da farin jini amma ba shi da iko. Sai mutanen biyu suka ajiye saɓaninsu, suka fuskanci jama'a da murya ɗaya.

Abubuwa uku aka tsayar a watan Yunin 1666. Na farko, an daina kai gawa maƙabartar coci, kowane gida ya binne mamacinsa cikin gaggawa a gona ko a bayan gida. Na biyu, an rufe coci, aka mayar da ibada wani kwari da ke wajen gari mai suna Cucklett Delf, inda kowane iyali ke tsayawa nesa da wani, limami yana wa'azi daga kan dutse. Na uku, wanda ya fi nauyi, babu fita daga ƙauyen, babu shiga.

Kulle ba ya yiwuwa da yunwa. Basaraken yankin, mai sarautar Earl na Devonshire, wanda fadarsa ke Chatsworth, 'yan kilomitoci daga Eyam, ya ɗauki nauyin aika abinci. Ƙauyukan maƙwabta ma suna kawowa. Akan ajiye kayan a wuraren da aka ware, ciki har da dutsen nan mai ramuka da ke tsakanin Eyam da Stoney Middleton, da wata rijiya a kan tudu da yanzu ake kira da sunan Mompesson. Sun yi imani ruwan khal da ruwa mai gudu suna wanke cutar daga jikin kuɗi. Taimakon maƙwabtan akwai tausayi a ciki, akwai kuma kare kai, domin muddin mutanen Eyam na samun abin ci, ba su da hujjar fitowa.

Watan Agusta

Bayan kullen mutuwa ta ƙaru. A watan Yuli an binne fiye da mutum 50, a Agusta fiye da 70. Ku ƙiyasta da kanku: ƙauyen da bai fi girman wata makarantar sakandare ba, kullum ana haƙa kabari biyu ko uku.

A wata gona da ke gefen gari akwai iyalin Hancock. Tsakanin 3 da 10 ga Agusta, Elizabeth Hancock ta rasa mijinta John da 'ya'yansu 6. Da yake doka ta ce kowa ya binne nasa, ita ta binne su a filin da ke kusa da gidan. An ce mutanen Stoney Middleton suna hango ta daga kan tudu tana jan gawa, ba su da ikon matsowa. Duwatsun kaburburan suna nan har yau, an kewaye su da gajeriyar katanga a tsakiyar fili, ana kiran wurin Riley Graves.

Gidan limamin ma bai tsira ba. Mompesson ya riga ya aika 'ya'yansa biyu ƙanana zuwa wajen dangi a Yorkshire kafin kullen. Matarsa Catherine ta ƙi bin su, ta zauna tana taya shi duba marasa lafiya. Ta rasu a ƙarshen Agusta tana da shekara 27. Bayan 'yan kwanaki ya rubuta wa ubangidansa Sir George Savile wasiƙa irin ta ban kwana, don bai zaci zai rayu ba. Ya rayu. A wata wasiƙar da ya aika wa kawunsa a watan Nuwamba ya ce cutar ta shiga gidaje 76, ya kuma bayyana yadda ake ta ƙona tufafi da kayan shimfiɗa.

Shin kullen ya yi amfani?

Wannan tambaya ce da masana ke ta muhawara a kanta, kuma amsarta fuska biyu gare ta. Ta fuskar maƙwabta, Sheffield da Bakewell da sauran garuruwan yankin ba su ga irin ɓarnar da Eyam ta gani ba. Da ɗaruruwan mutane sun bazu a kan hanyoyi da tufafinsu da barguna, da wuya a ce cutar ba za ta bi su ba.

Ta fuskar mutanen Eyam kuwa, kullen ya ci rayuka. A 2016 wasu masu bincike biyu na jami'ar Imperial College da ke Landan, Lilith Whittles da Xavier Didelot, sun ɗauki bayanan rajistar cocin, suka haɗa da takardar harajin murhu ta 1664. Wannan haraji ne na sule biyu a shekara kan kowane murhu da ke gida, don haka takardarsa na nuna yawan gidaje da ƙarfin arzikin masu su. Da suka yi lissafi da kwamfuta, sai suka ƙiyasta cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu daga jikin mutum suka ɗauka, kashi ɗaya ne kawai daga ɓeraye. Ma'ana, zama gida ɗaya da maras lafiya shi ne babban haɗari. Kullen da ya kare na waje, shi ya tsare na ciki tare da cutar.

Akwai kuma maganar adalci. Masu dawaki da dangi a wasu garuruwa sun riga sun fita. Waɗanda suka rage mafi yawansu masu haƙar dalma ne da ƙananan manoma, waɗanda dukiyarsu ita ce 'yan tumakinsu da ramin haƙarsu. Ko da sun gudu, babu garin da zai yi maraba da mutumin Eyam a wancan lokaci. Saboda haka wasu masana tarihi ke cewa a cikin wannan zama akwai jarunta, akwai kuma rashin mafita, kuma ba daidai ba ne a ba da labarin ɗaya a ɓoye ɗaya.

Abin da aka rubuta da abin da aka ce

Abin mamaki, labarin Eyam bai shahara nan da nan ba. Masanin tarihi Patrick Wallis ya nuna a wani bincikensa na 2006 cewa an yi shekaru masu yawa ba a cika maganarsa ba, kuma siffar da labarin ke da ita yanzu marubutan ƙarni na 18 da na 19 ne suka gina ta. Babba a cikinsu shi ne William Wood, ɗan asalin ƙauyen, wanda ya wallafa littafin tarihin Eyam a 1842. Tsakanin annobar da littafinsa shekara 176 ne. Babu sauran wanda ya gani da ido, sai jikoki da tattaɓa-kunne masu ba da abin da suka ji.

Ɗauki labarin Emmott Sydall da saurayinta Rowland Torre na Stoney Middleton. An ce sukan haɗu a kwarin Cucklett Delf, su tsaya nesa da juna suna kallon-kallo, har ranar da ya zo bai gan ta ba. Sai bayan annoba ya shiga gari ya ji ta rasu. Rajista ta tabbatar akwai Emmott, kuma an binne ta a watan Afrilun 1666. Haɗuwar a kwari kuwa ta baka ce. Haka labarin Marshall Howe, wanda aka ce ya kamu ya warke, ya koma binne gawawwaki yana kwashe kayan mamatan a matsayin ladansa. Wataƙila duka sun faru. Amma mai nazarin tarihi dole ya ajiye su a wani kwando daban da na ranakun da aka rubuta.

Ko yawan mutanen ƙauyen an sake duba shi. An daɗe ana cewa su kimanin 350 ne, 83 kacal suka rage. Da masu bincike suka bi rajistar baftisma da aure da takardun haraji gida-gida, sai suka ga mazauna gundumar sun kai 700 ko 800. Ke nan kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka mutu. Adadin farko ya fi tayar da hankali, na biyu ya fi hujja. Wani jerin sunayen da ke cocin ma 273 ya lissafa maimakon 260, domin ba kowace mutuwa ce ake da tabbacin ta annoba ce ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A nazarin tarihi, inda babu mai gani, rubutun da aka yi kusa da lokacin shi ke tsayawa a madadin ido.

Eyam a yau

Bayan annobar rayuwa ta ci gaba. Stanley ya rasu a ƙauyen a 1670. Mompesson ya koma wata gunduma mai suna Eakring a lardin Nottinghamshire, inda ya zauna har rasuwarsa. A shekarun 1670 iyalin Wright suka gina wani babban gidan dutse, Eyam Hall, wanda ke tsaye har yanzu. A 1775 aka kafa wa cocin agogon rana, wanda ke nuna lokaci ta hanyar inuwa. A dandalin ƙauyen akwai tsohon turu, inda ake ɗaure ƙafafun mai laifi a bar shi a idon jama'a. Haƙar dalma ta mutu, yanzu baƙi masu yawon buɗe ido na cikin abubuwan da ƙauyen ke samun kuɗi da su. Harkokin mulkin ƙauye kuma sun bar hannun coci tun dokar 1894, wadda ta kafa zaɓaɓɓun majalisun gunduma. A Ingila akwai irin waɗannan gundumomi fiye da 10,000.

Wanda ya bi titin Eyam zai ga alluna a ƙofar wasu gidaje ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki da ranakun mutuwarsu. Gidajen ba kango ba ne, mutane na zaune a cikinsu. A 1994 aka buɗe gidan tarihi a ƙauyen. A cocin an saka wata taga mai gilashi kala-kala da ke nuna labarin. A ranar Lahadin ƙarshe ta watan Agusta kowace shekara, jama'a kan yi jerin gwano zuwa Cucklett Delf su yi ibadar tunawa a fili kamar yadda kakanninsu suka yi, a kuma ajiye furanni a kabarin Catherine Mompesson. A daidai wannan lokaci ake wata tsohuwar al'adar Derbyshire ta ƙawata rijiyoyi: a shafe allon katako da yumɓu, a riƙa manna ganyen furanni da ƙwayoyin tsirrai ɗaya-ɗaya har hoto ya fito, a kafa shi a bakin rijiya, bayan mako guda ya bushe ya zube.

Marubuta ma sun ɗauki labarin. Don Taylor ya rubuta wasan kwaikwayo a kansa a 1970, Geraldine Brooks kuma ta fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Year of Wonders a 2001. A 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu da kasuwanni a ƙasashe da yawa, har da namu, 'yan jarida sun yi ta komawa kan labarin Eyam, domin tambayoyin da mutanenta suka fuskanta su ne suka dawo: wa zai zauna, wa zai ciyar da wanda aka kulle, wa ke da halin kauce wa dokar? Ita kanta cutar ba ta ɓace daga duniya ba. Tana ɓulla a wurare irin su Madagaska da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, sai dai yanzu akwai maganinta in an fara shi da wuri.

Ga masu sha'awar tarihi a cikinku, akwai aikin da za a iya koya daga nan ba tare da an je Ingila ba. Ku sami littafin rubutu, ku zauna da dattawan gidanku, ku tambaye su abin da suka sani game da garinku. Ku raba shafi biyu: a gefe ɗaya abin da mai maganar ya gani da idonsa, a ɗaya gefen abin da aka faɗa masa. Ku rubuta sunaye cikakku, da sunan wuri, da shekara in an tuna, da ranar da kuka yi hirar. Aikin kamar ba komai ba ne. Waɗanda suka riƙa cika rajistar Eyam ma aikin yau da kullum suke yi, layi ɗaya ga kowane mutum, ba su san bayan shekara 350 za a shigar da layukan cikin kwamfuta don gano yadda cuta ke yaɗuwa ba.

Layin ƙarshe na annobar a wannan rajista yana ɗauke da kwanan wata 1 ga Nuwamba, 1666. Sunan mamacin Abraham Morten, ma'aikacin gona. Masu sunan Morten 18 ne a jerin waɗanda cutar ta kashe.